Cutar Lyme

Cutar Lyme, da ake furta sunanta Laim, cuta ce da ƙwayar bakteriya ta jinsin Borrelia ke haddasawa. Tana shiga jikin mutum ne ta cizon wata ƙaramar kaska ta jinsin Ixodes, kuma a duk cututtukan da kaska ke sa wa mutane a Amurka ta Arewa da Turai ita ce ta fi yawa. Alamarta ta farko tabo ne a fata wanda ke ta faɗi daga gurbin cizon, sau da yawa tare da zazzaɓi, ciwon kai da kasala. Idan aka gano ta a wannan mataki, maganin kwana 10 zuwa 14 kan warkar da mafi yawan masu ita. Idan aka bar ta, takan kai ga gaɓoɓi, jijiyoyi da zuciya. Maganinta yana da araha kuma sananne ne. Wahalarta tana wajen gane ta: kaskar ƙarama ce ƙwarai, cizonta ba ya zafi, tabon ba ya fitowa sosai a baƙar fata, gwajin jini kuma ba ya nuna komai a makonnin farko.

Suna

Lyme sunan wani ƙaramin gari ne a jihar Konetikat ta Amurka, wanda Turawan da suka kafa shi a ƙarni na 17 suka raɗa wa sunan garin Lyme Regis na kudancin Ingila. Babu alaƙa tsakanin sunan da kalmar Ingilishi ta lemun tsami, duk da cewa furucinsu ɗaya ne, kuma wannan kamanceceniya kan sa injinan fassara su yi kuskure.

Sauran sunayen da suka shafi cutar kusan duk tarihi ne a dunƙule. Borrelia ta samo suna daga masanin Faransa Amédée Borrel. Manyan nau'o'inta uku da ke sa cutar kowanne yana ɗauke da sunan wani mai bincike: Borrelia burgdorferi daga Willy Burgdorfer, Borrelia afzelii daga Arvid Afzelius, sai Borrelia garinii daga Charles Garin. Ixodes kuwa kalmar Girkanci ce mai nufin abu mai ɗanko, daga sunan ɗankon da ake kama tsuntsaye da shi, kuma duk wanda ya taɓa cire wa kare kaska zai ce sunan ya dace. Tabon fatar ana kiransa erythema migrans, wato ja mai tafiya, rabin sunan Girkanci rabi Latin. Kalmar "ja" da ke cikin wannan suna ta haifar da matsala ga masu baƙar fata, kamar yadda za a gani a ƙasa.

Tarihi

Likitocin Turai sun daɗe da sanin sassan cutar ba tare da sun san abu ɗaya ba ne. A 1883 Alfred Buchwald ya bayyana wata cutar fata mai sa fata ta yi siriri kamar takarda. A 1909 likitan fata na Siwidin, Arvid Afzelius, ya ba da rahoton tabo mai faɗaɗa bayan cizon kaska. A 1922 Garin da Bujadoux a Faransa suka bayyana ciwon jijiya da shanyewa bayan irin wannan cizo. Kowa ya ga nasa ɓangaren ne.

Abin da ya haɗa su wuri ɗaya ya faru a 1975. Wasu iyaye mata biyu, Polly Murray da Judith Mensch, suka kai ƙorafi ga hukumar lafiya ta jihar Konetikat cewa yara da yawa a unguwanninsu suna fama da kumburin gaɓoɓi, kuma ana ce musu amosanin yara ne, cutar da ba a saba ganin ta a gida-gida haka ba. Allen Steere na Jami'ar Yale da abokan aikinsa suka bincika, suka sami mutum 51, yara 39 da manya 12, a garuruwan Lyme, Old Lyme da East Haddam. Mafi yawansu a gefen daji suke zaune, ciwon yakan fara musu ne a watannin zafi, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun tuna da wani tabo da ya riga kumburin fitowa. An buga sakamakon a 1977.

A 1981 Willy Burgdorfer, masanin kaska haifaffen Suwizalan da ke aiki a ɗakin bincike na Rocky Mountain a jihar Montana, yana duba cikin kaskokin da aka aiko masa daga jihar Niyok domin neman wata cuta daban, sai ya ga ƙwayoyi dogaye masu murɗe. Ya gane su ne domin digirinsa na uku a kan 'yar'uwarsu ya yi shi, wato Borrelia da ke sa zazzaɓi mai komowa a Afirka. An wallafa binciken a 1982, aka sa wa ƙwayar sunansa a 1984.

Yadda ake kamuwa

Kaskar Ixodes tana da matakai huɗu: ƙwai, jaririya mai ƙafa shida, matashiya mai ƙafa takwas, da babba. A kowane mataki bayan ƙwai sau ɗaya take shan jini, kuma dukkan rayuwarta kan ɗauki shekara biyu zuwa uku. Jaririya ba ta fitowa daga ƙwai da ƙwayar cutar. Takan ɗauke ta ne idan ta sha jinin ɓera, kurege ko tsuntsun da ke ɗauke da ita. A gabashin Amurka wani ɓeran daji mai fararen ƙafafu shi ne babban ma'ajinta. Barewar can mai farar wutsiya ba ta sa wa kaska cutar, amma a jikinta manyan kaskoki ke ci su hayayyafa, don haka inda barewa ta yi yawa kaska ma takan yi yawa.

Matashiyar kaska ce ta fi sa wa mutane cutar. Girmanta bai kai milimita 2 ba, kamar ƙwayar acca, kuma ta fi fitowa daga Mayu zuwa Yuli, lokacin da mutanen can suka fi fita shan iska. Ba ta tashi, ba ta tsalle. Takan hau kan ciyawa ko busassun ganyaye ta miƙa ƙafafun gaba ta jira mai wucewa. Yawunta na ɗauke da sinadaran da ke rage zafi da ƙaiƙayi, shi ya sa mutane da yawa da suka kamu ba su taɓa ganin kaska a jikinsu ba.

Ƙwayar cutar tana zaune ne a hanjin kaskar. Sai jini mai ɗumi ya shigo sannan ta sauya furotin ɗin da ke bayanta ta yi ƙaura zuwa wurin yawu, kuma wannan tafiya tana ɗaukar lokaci. Saboda haka a Amurka galibi sai kaska ta wuce awa 24 a manne, yawanci awa 36 zuwa 48, kafin ta sa cutar. Nau'o'in Turai kan yi sauri fiye da haka. Cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ta taɓawa, sumba ko tari, kuma wanda ya warke yana iya sake kamuwa idan wata kaskar ta cije shi.

Inda ake samunta

Cuta ce ta ƙasashen arewacin duniya masu dazuzzuka da danshi. A Amurka ta fi yawa a arewa maso gabas, daga Maine zuwa Bajiniya, da kuma jihohin Wisconsin da Minnesota. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta daga bayanan inshorar lafiya cewa kimanin mutum 476,000 ake yi wa maganinta duk shekara, adadin da ya ninka wanda ake kai rahotonsa a hukumance sau da yawa. A Kanada an sami rahoton mutum 144 a 2009, zuwa 2017 sun haura 2,000. A Turai ta fi yawa a tsakiya da arewa, kamar Sulobeniya, Ostiriya, Jamus, Holan, kudancin Siwidin da ƙasashen Baltik, kuma akwai ta a Birtaniya, Rasha, arewacin Sin da Japan. Dawowar dazuzzuka a gonakin da aka bari, yawaitar barewa, gina gidaje a bakin daji da ɗumamar yanayi duk sun taimaka wajen faɗaɗarta.

Alamomi

Kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na waɗanda suka kamu sukan sami tabon nan. Yakan fito tsakanin kwana 3 zuwa 30 bayan cizon, galibi wajen mako guda, ya yi ta faɗi kullum har ya wuce santimita 5, wani lokaci ya kai 30. Yakan yi ɗumi, amma da wuya ya yi zafi ko ƙaiƙayi sosai. Wuraren da ya fi fitowa su ne bayan gwiwa, matsematsi, hammata, kugu da baya, a yara kuma kai da wuya. Hoton da ya shahara na zobe a cikin zobe ba shi ne ya fi yawa ba, musamman a Amurka, inda yawancin tabon launi ɗaya ne tun daga tsakiya har baki. Ƙaramin kumburin da ke fitowa a ranar cizon ya baje cikin kwana ɗaya ko biyu ba shi ba ne.

A baƙar fata tabon ba ya yin ja. Yakan yi duhu fiye da fatar da ke kewaye da shi, ko ya yi ruwan ƙasa ko shunayya kamar kwanciyar jini, wani lokaci da ƙyar ake ganinsa sai a haske mai kyau. Littattafan koyar da likitoci kuma kusan duk hotunan farar fata suke nunawa, ga shi sunan tabon kansa ya ce ja ne, don haka likita na neman ja. A 2021 Dan Ly na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya duba bayanan masu inshorar Medicare da aka gano suna da cutar, ya ga kusan ɗaya cikin uku na baƙaƙen fata sai da ta kai ga jijiyoyi sannan aka gane ta, alhali a fararen fata kusan ɗaya cikin goma ne. Ga mai baƙar fata, abin lura ya fi zama faɗin da tabon ke ƙarawa kowace rana da ɗuminsa, kuma zana iyakarsa da biro a duba bayan kwana biyu yakan taimaka. Ana iya ruɗa shi da makero, sai dai makero yana da ɓawo a gefensa kuma yana ƙaiƙayi.

Tare da tabon akan sami zazzaɓi, sanyi, ciwon kai, ciwon jiki, kasala da kaluluwa. Tari da majina ba sa cikin alamominta.

Bayan makonni ko 'yan watanni ƙwayar na iya bin jini ta bazu. Tabo da yawa kan fito a wuraren da ba a ciza ba. A jijiyoyi takan sa shanyewar ɓarin fuska, baki ya karkace ido ya ƙi rufuwa, wani lokaci ɓangarorin biyu. Takan sa sanƙarau marar tsanani irin na ƙwayar meningokokas, ko ciwon jijiya mai raɗaɗi da ke ƙaruwa da dare, wanda ya fi yawa a Turai kuma ake danganta shi da sunan likitan Jamus Alfred Bannwarth. A kimanin mutum ɗaya cikin ɗari takan taɓa zuciya ta hana saƙon lantarki wucewa daga saman zuciya zuwa ƙasanta, mutum ya ji jiri, faɗuwar gaba, ƙarancin numfashi ko ya suma. Wannan na buƙatar asibiti nan take. Ba kasafai yake kisa ba, amma a 2013 hukumar CDC ta ba da rahoton mutum uku da suka mutu farat ɗaya ta wannan hanya.

Bayan watanni sai kumburin gaɓoɓi, wanda a binciken Steere ya sami kimanin kashi 60 cikin ɗari na waɗanda ba a yi wa magani ba. Gwiwa ya fi kamawa. Takan kumbura ƙwarai amma zafin bai kai girman kumburin ba, ta saɓe ta sake dawowa. A Turai kuma akwai lalacewar fatar hannu ko ƙafa da Buchwald ya bayyana, wadda kan fito bayan shekaru.

Ganowa

Tambayar farko ba ta jini ba ce, ta wuri ce: shin mutumin ya kasance inda cutar take, kuma ya shiga daji, ciyawa ko lambu? Idan amsar eh ce kuma ga tabon, ƙa'idojin likitocin Amurka da na Birtaniya duka sun ce a fara magani ba tare da jiran gwaji ba.

Dalili kuwa shi ne gwajin da ake yi ba ƙwayar yake nema ba. Yana neman sinadaran kariya ne da garkuwar jiki ke samarwa a kanta, kuma waɗannan sai sun yi makonni kafin su taru. A lokacin tabon farko ƙasa da rabin marasa lafiya ne gwajin ke nuna suna da ita. A lokacin kumburin gwiwa kuwa kusan kowa yake nunawa, har idan bai nuna ba ya kamata a nemi wani dalilin kumburin. Idan ana zargi kuma gwajin farko bai nuna ba, akan maimaita bayan 'yan makonni.

Gwajin hawa biyu ne. Na farko, ELISA, yana da saurin kamawa amma yakan kama har abin da ba shi ba. Idan ya nuna, sai a tabbatar da na biyu. Tun daga 1995 na biyun shi ne Western blot, amma a 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da wani ELISA na daban a madadinsa. Idan ana zargin ta kai ga jijiyoyi akan ɗebi ruwan ƙashin baya, idan gwiwa ce kuma ana iya neman ƙwayar halittar bakteriyar a ruwan gaɓar da gwajin PCR.

Akwai kurakurai guda biyu da suka fi yawa. Na farko shi ne ɗaukar gwaji mai nunawa a matsayin shaidar cewa ƙwayar na nan da rai. Sinadaran kariya kan zauna a jini shekara da shekaru bayan an warke, don haka ba a maimaita gwaji don a ga ko magani ya yi aiki. Na biyu shi ne yi wa wanda bai taɓa zuwa inda cutar take ba gwaji saboda kasala kawai. A irin wannan mutum, sakamako mai nunawa ya fi yiwuwa ya zama na ƙarya, domin tunjere, zazzaɓi mai komowa da wasu cututtukan garkuwar jiki duk suna iya ruɗa gwajin. Wasu ɗakunan gwaji masu zaman kansu suna sayar da gwaje-gwajen da ba a tantance ba, na fitsari ko na fararen ƙwayoyin jini, kuma hukumomin lafiya sun yi gargaɗi a kansu.

Ga ɗalibi, ɗan kasuwa ko mai ziyara da ya dawo Najeriya ko Nijar daga waɗancan ƙasashe, akwai wata matsalar daban. Zazzaɓi da ciwon jiki a nan malariya ko taifod ake fara zato, kuma da hujja, don su suka fi yawa. Amma magungunan malariya da aka saba bayarwa ba sa kashe Borrelia, haka ma siprofuloksasin da ake yawan ba masu taifod. Likita ba zai yi tunanin Lyme ba sai an gaya masa inda aka je da lokacin da aka dawo.

Magani

Maganin kashe bakteriya ake bayarwa, kuma likita ne ke zaɓa. Bisa ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin Amurka suka fitar a 2020, babban mutum mai tabon farko ana ba shi doksisaikilin miligiram 100 sau biyu a rana na kwana 10, ko amoksisilin miligiram 500 sau uku a rana na kwana 14, ko sefuroksim miligiram 500 sau biyu a rana na kwana 14. Wanda ba zai iya shan ɗaya daga cikinsu ba akan ba shi azitiromaisin. Ƙa'idar Birtaniya ta 2018 ta fi tsawaitawa, kwana 21. Idan ta kai ga jijiyoyi ko zuciya, kwana 14 zuwa 21 ne, ta baki ko allurar seftiriyazon ta jijiya. Wanda bugun zuciyarsa ya yi ƙasa sosai ana iya sa masa na'urar daidaita bugu ta wucin gadi, kuma galibi zuciyar kan koma daidai cikin kwanaki ko 'yan makonni. Kumburin gaɓa kwana 28 ne ta baki.

Ana shan doksisaikilin da ruwa mai yawa, ba a kwanciya nan take bayan an sha, ba a haɗa shi da madara, maganin ƙarin jini ko na ƙwannafi a lokaci ɗaya, kuma yakan sa rana ta ƙona fata da sauri. Mai ciki amoksisilin ake ba ta. A ranar farko wasu kan ji zazzaɓi da ciwon jiki sun ƙaru saboda mutuwar ƙwayoyin, abin da kan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ba dalilin daina magani ba ne.

Idan zazzaɓi mai zafi ya ƙi sauka duk da magani, akan duba ko kaskar ta haɗa wa mutum da wata cutar. Ɗaya daga cikinsu, babesiya, jajayen ƙwayoyin jini take shiga, kuma a madubin gwaji tana kama da malariya ƙwarai.

Rayuwa bayan magani

Mafi yawan mutane sukan warke sarai, ko da yake kasala na iya ɗaukar makonni kafin ta tafi, shanyewar fuska kuma watanni. Yayin da ido ba ya rufuwa ana sa masa ruwan ɗigawa a rufe shi da dare don kada ya bushe. A wasu masu ciwon gwiwa kumburin kan ci gaba bayan an kashe ƙwayar, saboda garkuwar jiki ba ta lafa ba, kuma a nan maganin kumburi da likitan gaɓoɓi ake buƙata.

Akwai kuma kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari da ke ci gaba da jin kasala mai nauyi, ciwon jiki, rashin barci da mantuwa fiye da wata shida bayan an gama magani. Ciwon nasu na gaske ne, yakan hana wasu aiki ko karatu, kuma irinsa na biyo bayan wasu cututtukan, ciki har da korona. A kan wannan ne aka fi samun taƙaddama.

Wani ɓangare na marasa lafiya da likitoci, musamman ƙungiyar ILADS, suna ganin ƙwayar ce ke ɓoye a jiki, suna kiran abin Lyme mai daɗewa, suna kuma ba da maganin watanni ko shekaru. Rigimar ta kai har a 2006 babban lauyan jihar Konetikat, Richard Blumenthal, ya buɗe bincike a kan ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka saboda ƙa'idojinta. Kwamitin da aka kafa don sake duba su ya tabbatar da su a 2010. An kuma gwada dogon maganin sau da yawa ta hanyar kwatanta shi da ƙwayar da ba ta ɗauke da magani: gwaje-gwaje biyu da Mark Klempner ya jagoranta a 2001, wasu a 2003 da 2008, da kuma wani a Holan a 2016. Babu wanda ya nuna amfani mai ɗorewa da ya rinjayi haɗarin. Haɗarin kuwa ya haɗa da gudawa mai tsanani, tsakuwar madaciya, da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini ta bututun da ake bari a jijiya, har an sami waɗanda suka mutu. Wata illar ita ce sunan Lyme kan rufe ainihin ciwon mutum, kamar daji ko cutar garkuwar jiki, har lokaci ya ƙure.

Ya kamata a faɗa cewa da yawa daga masu bin dogon magani sun je can ne bayan likitoci sun sallame su da cewa babu abin da ke damunsu. Abin da ya fi taimaka wa mai irin wannan hali shi ne likita ɗaya mai bibiyarsa, wanda zai duba ko akwai ƙarancin jini, matsalar maƙoshi, ciwon sukari ko damuwa, ya kuma magance kowace alama da kanta. Gyara barci, raba aiki gwargwadon ƙarfi, motsa jiki kaɗan-kaɗan, da neman sassauci a makaranta ko wurin aiki duk suna da amfani. Yawancinsu sukan samu sauƙi a hankali cikin watanni, wasu kuma sai sun haura shekara.

Rigakafi

Mai shiga daji ko ciyawa a waɗancan ƙasashe ya sa dogon wando ya cusa ƙafarsa cikin safa, ya zaɓi tufafi masu haske don a ga kaska, ya shafa maganin ƙwari mai DEET ko pikaridin, ya bi tsakiyar hanya. Ana kuma fesa wa tufafi fametirin. Bayan dawowa a yi wanka cikin awa biyu a duba jiki duka, har cibiya, bayan kunne da cikin gashi, a duba yara da karnuka. Minti 10 a injin busar da kaya mai zafi yana kashe kaskar da ke jikin busassun tufafi.

Idan an ga kaska a manne, a kama ta da hantsaki mai siririn baki dab da fata, a ja ta sama a hankali ba tare da murɗawa ba, a wanke wurin da sabulu. Ba a ƙona ta, ba a shafa mata man shafawa ko kananzir. A rubuta ranar, a sa ido na kwana 30. A yankunan da cutar ta yi yawa, idan kaskar Ixodes ce kuma ta kai awa 36 a manne, likita na iya ba da doksisaikilin miligiram 200 sau ɗaya cikin awa 72 da cire ta.

An taɓa samun allurar rigakafi ta mutane mai suna LYMErix, da aka amince da ita a Amurka a 1998. Aikinta na da ban sha'awa, don sinadaran kariyar da take sa jiki ya yi suna bin jini ne su shiga cikin kaskar su kashe ƙwayar tun tana hanjinta. Kamfanin ya janye ta a 2002 bayan ciniki ya faɗi sakamakon ƙararraki da zargin tana sa ciwon gaɓoɓi, zargin da bincike bai tabbatar ba. A 2022 kamfanonin Pfizer da Valneva suka fara gwajin mataki na uku na wata sabuwa mai suna VLA15. Karnuka suna da tasu allurar tun da daɗewa.

Danginta a Afirka

Ana samun kaskar Ixodes ricinus a duwatsu masu danshi na Maroko, Aljeriya da Tunisiya. Kaskokin da makiyaya suka sani a jikin shanu a ƙasar Hausa na jinsin Amblyomma, Hyalomma da Rhipicephalus ne, kuma ba su ne masu yaɗa Lyme ba, ko da yake suna da nasu cututtukan, kamar zazzaɓin cizon kaska na Afirka da zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango.

Borrelia da ta shafi yankin Sahel ita ce ta zazzaɓi mai komowa. Borrelia crocidurae tana yaɗuwa ta wata kaska mai laushin jiki da ke zaune a ramukan ɓeraye, har na cikin ɗakuna, ta fito da dare ta sha jini cikin mintuna ta koma. Mai ita yakan yi zazzaɓi na 'yan kwanaki, ya samu sauƙi kamar na mako guda, sannan ya dawo. Binciken shekaru da aka yi a ƙauyen Dielmo na Senegal ya nuna tana cikin manyan dalilan zazzaɓi bayan malariya, kuma sau da yawa malariyar ake ɗaukar ta. Wata kuma, Borrelia recurrentis, ƙwarƙwata ce ke yaɗa ta, ta fi yawa a Habasha, kuma ta sha ɓarkewa a Sudan a lokutan yaƙi da yunwa. Dukansu biyu doksisaikilin yana maganinsu.